Shi ya cinye kuɗin waken, don me ni zan fara ba da haƙuri?

Tambaya: Baba Fasto, ni ɗan kasuwa ne a Maradi. Da kakar bara ni da wani ɗan'uwa da muke majami'a ɗaya muka haɗa kuɗi muka sayi wake buhu 40, muka ajiye a shagonsa sai ya yi tsada mu sayar. Ashe ya fitar da buhu 12 a ɓoye ya kashe kuɗin. Ranar da na gane, raina ya ɓaci, na yi murya na tura zauren WhatsApp na mazan ikilisiya, na kira shi ɓarawo, na ce gadon gidansu ne. Yanzu dattawa sun ce in fara ba shi haƙuri kafin a zauna maganar kuɗi. In aka auna, laifina bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan adalci ne?

Amsa: Ɗana, bari in fara da abin da kake tsoron kada a binne: an cuce ka. Buhu 12 guminka ne, kuma wanda aka ba ajiya ya sayar a ɓoye ya ci amana, babu wani suna mai daɗi da za a laƙaba wa abin. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ba ya rage masa ko dala ɗaya daga bashin da ke wuyansa. Ka riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Amma dattawanka sun yi daidai da suka ce ka fara da naka, kuma ina so ka ga dalilin da idonka, kada ka yi abin don kawai manya sun matsa maka.

Kai ɗan kasuwa ne, shi ya sa da abin ya faru ka ɗauko sikeli. A kasuwa idan kana bin mutum jikka 90 shi kuma yana bin ka jikka 10, sai a cire goma daga casa'in, a ce saura 80, naka ya mutu. Lissafi ne mai kyau a rumfa. Zunubi ba ya bin wannan lissafi. Satar da ya yi ba ta biya zagin da ka yi ba, kamar yadda zagin naka bai biya masa waken ba. Bashi biyu ne daban, kowanne da mai shi. Na yarda da kai, naka kashi ɗaya ne cikin goma. To, wannan kashi ɗayan, wa ke da shi? Babu mai tarayya da kai a cikinsa. Bakinka ne, wayarka ce, yatsanka ne ya danna.

Kakanninmu sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yesu ya faɗi abin da ya fi wannan zafi a Matiyu 7:3-5, inda ya tambayi mutum don me yake duban ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa, ga gungume a nasa idon bai kula ba. Kalmar da aka fassara da gungume, a harshen Girkanci tana nufin babban itacen da ake ɗora rufin ɗaki a kansa, kamar azarar giginya da muke gani a tsofaffin soraye. Masassaƙi ne ke magana, ya san bambancin diddigar itace da azara. Za ka ce, ai a nan gungumen na wurinsa, hakin ne a wurina. Ɗauki ƙwayar wake guda ɗaya ka kawo ta dab da idonka. Za ta rufe maka Babbar Kasuwar Maradi gaba ɗaya, da rumfunanta da motocinta. Abin da ke cikin idonka, kome ƙanƙantarsa, shi ne ke hana ka gani. Kuma ka lura da yadda maganar ta ƙare, don mutane da yawa sukan tsaya a rabi: ya ce ka fara cire naka, sa'an nan za ka gani sosai yadda za ka cire na ɗan'uwanka. Bai ce ka bar masa hakin a ido ba. Maganar buhu 12 tana nan tafe. Sai dai wanda zai taɓa idon wani dole ya kasance yana gani.

To mene ne naka ɗin? Sai mun kira shi da sunansa, domin laifin da ba shi da suna ba a tuba daga gare shi. Matiyu 18:15 ya ce idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka nuna masa, kai da shi kaɗai. Ka tsallake wannan. Ka tsallake mataki na biyu ma, na ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Ka faɗa wa jama'a kai tsaye, kuma ba jama'ar da ta zauna don sulhu ba, zauren waya, inda kowa ke iya tura muryar gaba. Magana zarar bunu ce tun kafin a yi waya, balle yanzu da murya ɗaya kan kwana a Maradi ta wayi gari a Jibiya da Katsina.

Sa'an nan ga wanda ya fi nauyi a wurina: "gadon gidansu ne." Da ka ce ya sayar da kayanka a ɓoye, gaskiya ka faɗa a inda bai dace ba. Da ka ce gadon gidansu ne, ka bar shi ka koma kan mutanen da ba su taɓa buhunka ba. Ka zagi ubansa, ka zagi tsohuwar da ta haife shi, ka ɗora wa 'ya'yansa tambarin da zai bi su har ranar da za a je nema musu aure. Wannan gori ne, kuma ba gaskiya ba ne. Wanda ya san yadda gori ke zama a zuciyar Bahaushe ba zai kira shi ƙaramin abu ba.

Yanzu yadda ake ba da haƙurin. Nan ne na fi ganin ana tuntuɓe, shekara da shekaru ina zama a kan tabarmar sulhu.

Harshenmu yana da wata ƙaramar kalma da muke ɓuya a bayanta, ita ce "an". An yi kuskure. An saɓa. A yi haƙuri. Wa ya yi? Ba kowa. Muna da wasu mafakar kuma: "sharrin Shaiɗan ne", "ɓacin rai ne", "tsautsayi ne", "bakina ne ya suɓuce", "in na ɓata maka rai ka yafe ni". Wannan "in" ɗin tana nufin ni dai ban ga abin da na yi ba, amma tun da kai mai saurin fushi ne, ga haƙuri nan. Ita kuwa "amma", ita ce mai cinye duk abin da aka faɗa kafin ta: na yi laifi, amma kai ka fara.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan dabara ba. A Farawa 3:12, da Allah ya tambayi Adamu, ya ce matar da ka ba ni ce ta ba ni na ci. A jimla ɗaya ya ɗora wa matar, ya ɗora wa Allah da ya ba shi ita. Haruna a Fitowa 32:24 ya ce wa Musa zinariyar kawai ya jefa cikin wuta, sai ga ɗan maraƙi ya fito, alhali farkon surar ya nuna shi ne ya siffata shi da kayan aiki. Amma wanda na fi so ka zauna ka karanta a natse shi ne Saul, a 1 Sama'ila 15, ka haɗa shi da Dawuda a 2 Sama'ila 12. Dukansu sarakuna ne, dukansu annabi ya tsare, dukansu sun ce "na yi zunubi". Saul ma sau biyu ya faɗa. Karo na farko ya liƙa masa uzuri, ya ce tsoron jama'a ya ji. Karo na biyu ya liƙa masa buƙata, ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan jama'arsa. Bakinsa na tuba, idonsa na kan rawaninsa. Dawuda kuwa, wanda laifinsa zina ce da kisan kai, da Natan ya ce masa kai ne mutumin, abin da ya fito daga bakinsa kalma biyu ce kacal a Ibrananci: na yi wa Ubangiji zunubi. Bai ambaci wankan Batsheba, matar da ya yi zinar da ita, ba, bai ambaci zafin yaƙi ba. An gafarta masa, kuma duk da haka ya sha abin da ya shuka, yaron da ta haifa masa ya mutu, takobi bai rabu da gidansa ba. Wanda ya amsa laifinsa da gaske ba ya ciniki a kan abin da zai biyo baya.

Ni kaina na faɗa cikin ramin nan na "an". Lokacin ina riƙe da wata ƙaramar majami'a a ƙauye, gabas da Maradi, kuɗin zumuntar mata ya ɓata, wanda suka tara don sayen tabarmi. Mai ajiyarsu wata dattijuwa ce gwauruwa, tana sayar da ƙosai a bakin hanya. Ranar Lahadi bayan sujada, mata na tsaye a ƙarƙashin dogon yaro, na ce mata a gaban kowa, "Mama, amana ba abin wasa ba ce." Ba ta ce uffan ba, ta gyara ɗaurin zanenta ta tafi. Bayan mako biyu na buɗe akwatina ina neman takardar baftisma, sai ga kuɗin a ƙulle cikin leda, da igiyar da ta ɗaure su. Ita ce ta ba ni ajiya ranar da zan tafi taro, na manta sarai. Da yamma na bi ta wurin kaskonta, na sunkuya na ce, "Mama, a yi haƙuri, an ga kuɗin." Ta ce, "Madalla, Baba Fasto." Ta ci gaba da juya ƙosanta.

Wata uku tana zama a bencin ƙarshe, ba ta ƙara ɗaga waƙa ba, ita da ke jan baitin mata. Matata ce ta ce mini wata rana da dare, "A gaban mutane ka tuɓe ta, a bayan ɗaki kake so ka suturta ta?" Lahadin da ta biyo na tsaya kafin wa'azi, gwiwoyina na rawa, na ce: ni na karɓi kuɗin, ni na manta, ni na zarge ta a gabanku ba tare da na tambaye ta ba, ba ta da laifin kome. Na sauko na je har bencin ƙarshe na roƙe ta gafara. Ta rufe fuskarta da gefen mayafi, ta daɗe ba ta yi magana ba. Abin da na koya a ranar shi nake ba ka: inda laifi ya kai, nan neman gafara zai kai. Laifin zuciya tsakaninka da Allah ne. Laifin da ka yi wa mutum a ɗaki, a ɗaki ake gyara shi. Naka kuwa a zaure ka yi shi, don haka bayan ka same shi ido da ido, sai ka koma wannan zauren, da wannan muryar taka, ka janye abin da ka faɗa a kan gidansu, ka ce ka yi kuskuren kai maganar can.

Na san abin da ke riƙe ƙafarka: girma. A al'adarmu wanda ya fara zuwa kamar shi aka kayar, kuma babba ba ya buɗe baki ya ce wa na ƙasa da shi na yi laifi, sai dai ya aika manzo ko ya aika goro. Ban raina manzo ba, yakan sassauta hanya. Yakubu ma da zai sadu da ɗan'uwansa Isuwa bayan shekara 20, ya aika garkuna a gabansa kashi-kashi. Amma da suka yi arba, shi da kansa ya wuce gaba ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kana tambaya don me kai za ka fara. Ka ajiye Matiyu 5:23-24 kusa da Matiyu 18:15. Ta farko ta ce idan kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon ka je. Ta biyu ta ce idan shi ya yi maka laifi, ka je. Ko kai ka yi, ko kai aka yi wa, ƙafarka ce za ta taka. Kai kuwa duka biyun sun hau kanka. Ka kuma tuna bagaden nan a Urushalima yake, masu sauraron Yesu kuwa mutanen Galili ne, tsakani tafiyar kwana uku a ƙafa, kamar ka tashi daga Maradi ka nufi Tasawa. Ka bar dabbar hadaya a tsaye, ka koma gida ka shirya da mutum, ka sake dawowa. Haka abin yake da nauyi a wurinsa.

Yanzu in dawo kan alkawarin da na yi maka, kuma wannan sashe dattawanka ma ya shafe su. Akwai wani sulhu na ƙarya da ya yi yawa a cikinmu. A tara mutum biyu, a ce "kowa da laifinsa", a raba laifin biyu daidai kamar ana rabon nama, a sa su gaisa, a yi addu'a, a watse. Mai ƙarfi ya tafi da abin da ya ci, marar ƙarfi ya tafi da "haƙuri". Na ga matar da mijinta ya kumbura mata fuska an sa ta durƙusa ta ba shi haƙuri don wai ta ɗaga murya. Wannan ba koyarwar Almasihu ba ce, zalunci ne da aka yafa wa ayoyi. Amsa laifin da ba ka yi ba shaidar zur ce a kan kanka. Don haka kada ka nemi gafara don ka tambayi kuɗinka. Kada ka ce bai ci amana ba, ya ci. Ka ɗauki naka cif, kada ka rage, kada kuma ka ƙara don a ce kai mai tawali'u ne.

Shi ma tubarsa ba za ta tsaya a baki ba. Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi maganar irin wannan shari'ar taku, wanda ya ci amanar ajiya ko jingina: ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Fitowa 22:5 ta ce wanda dabbarsa ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, daga mafi kyawun amfanin gonarsa zai biya. Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu, kowace kaka ana zuwa gaban mai gari a duba ɓarnar gona a yanke abin da za a biya. Zakka na Yariko, a Luka 19:8, da kansa ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa riɓi huɗu. Idan dattawa suka karɓi haƙurinka sa'an nan suka ce to a bar maganar wake don zumunci, sun yi rabin aiki, kuma sun cuci shi kansa mai laifin, don sun bar shi da haƙƙin wani a wuya. Maƙwabtanmu Musulmi sun san nauyin haƙƙin wani sarai, kullum za ka ji suna faɗa. Kada a same mu mun fi su sakaci da shi alhali muna wa'azin gicciye. In ka ga dama daga baya ka yafe masa wani abu daga bashin don ka ga ba shi da hali, wannan kyautarka ce. Ba a ƙwatar kyauta.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kai, don na ga ya lalata sulhu da yawa. Kada ka mai da haƙurinka ƙugiya. Wani yakan ce "na yi laifi", ya yi shiru yana jiran ɗayan ya ce "ni ma haka", in bai ji ba sai ya ce, "To kai fa?" Nan take duk abin da aka gina ya rushe. Mai yiwuwa ya karɓi haƙurinka ya ƙi amsa nasa. Mai yiwuwa ma ya ɗauki maganarka ya yi ta yawo da ita, yana cewa ai ga shi nan ya zo ya ba ni haƙuri, da ma ƙarya ya yi mini. Zai yi ciwo. Bulus ya san da irin wannan, shi ya sa a Romawa 12:18 ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wajenku, ku yi zaman lafiya da kowa. Abin da ke wajenka shi ne bakinka. Zuciyarsa ba a hannunka take ba. Kuma yafe masa ba ya nufin ka sake ba shi makullin kayanka bana.

Ka yi la'akari da yadda muke a garin nan. Mu Kirista kaɗan ne. Tun da 'yan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, suka sauka Damagaram a 1924, aikin ya zo Tsibiri da Maradi, aka buɗe asibitin kutare na Danja a 1956, gidajen masu bi suke aurar juna, har ya zama da wuya ka zagi gida ɗaya ba ka taɓa dangin matarka ko na surukin wanka ba. Mu da muka ga yadda ikilisiyar da ta fito daga wannan aiki ta rabu wajen ƙarshen shekarun 1980, mun san yadda maganar mutum biyu ke zama maganar dangi, ta dangi ta zama ta majami'a, har 'yan'uwa su daina cin Jibin Ubangiji tare. Muryar da ka tura, na tabbata yanzu akwai masu bayanka da masu bayansa, kuma matan gidajenku sun fara gaisawa sama-sama.

Kafin ka je, ka durƙusa da Zabura 51, ka faɗa wa Allah abin da sunansa, domin 1 Yahaya 1:9 ta ce idan muka furta zunubanmu shi mai aminci ne, zai gafarta. Sa'an nan ka same shi a gida, ba a shago ba inda masu saye ke kai da kawo, da la'asar sakaliya, kai kaɗai ko da dattijo ɗaya wanda ku biyun kuka yarda da shi. Bayan gaisuwa ka ce masa: "Ɗan'uwana, na zo a kan abin da ni na yi. Ya kamata in same ka kai kaɗai, ban yi ba, na kai ka zaure. Na zagi gidanku, abin da na faɗa a kan iyayenka ƙarya ne, na jawo wa iyalinka kunya. Zan koma zauren in janye. Ina roƙonka ka gafarce ni." Ka tsaya nan. In ya ɗauko maganar wake da kansa, ka saurare shi har ya gama. In bai ɗauko ba, kada ka ɗauko a ranar. In mahaifiyarsa na da rai, ka nemi izini ka shiga ka gaishe ta, ka durƙusa ka faɗa mata ita ma.

Washegari ka tura muryar janyewar, gajeriya, ba tare da ka ambaci buhu ko ɗaya ba. Daga nan ka koma wurin dattawa ka ce ka yi abin da suka ce, a sa ranar zama. Ka je da lissafinka a rubuce: ranar da kuka sayi waken, abin da kowa ya zuba, buhun da ya rage, da farashin da ake sayarwa a makon da ya fitar da goma sha biyun. Ka roƙi duk abin da aka yanke a rubuta shi, da ranakun biya, ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa nasu.